Landirobar da Ta Kai Hajiya Hure Ƙofar Gida

Kafin kowa ya ga motar nan, idona ne ya fara sauka a kanta. Ina can ƙololuwar giginya ina saran kaba na hango gilashinta yana walƙiya ta wajen Toranke, ni na yi shelar da ta fito da gari. Masu cewa su ma sun gani, ƙafafuna suka gani ina saukowa. Ni Da'u, na yi agana na tashi, rijiya ta rufta da ni na fito ina neman tuwo, ba a tsufana zan fara ƙarya ba. Amma labarin na Gwadabe direba ne, ku gyara zama.

Garinmu, Jigawar Datti, a kan tudun rairayi yake zaune. Tun da aka sari garin mota ba ta taɓa hawa ba. Masu awon gyaɗa a gindin tudu suke tsayawa, jakai su sauko musu da buhuna ta wata hanya da ta bi tudun a kaikaice, don jaki ba ya hawan tudu gaba-gaɗi, sai ya ratsa.

Gwadabe ɗan garin ne, ɗan farin Hure. Yana ƙarami uwarsa da ubansa suka tafi Makka a ƙasa, suka bar shi hannun gwaggonsa Kulu. Uban ya rasu a hanya, Hure ta zauna can gabas shekara da shekaru tana sayar da ƙosai har ta sauke farali. A shekarar da aka canja hannun tuƙi jirgi ya dawo da ita Kano, da haƙorin Makka da ƙafafun da suka daina ɗaukarta. Gwadabe, wanda ya zama direban wani mai awon gyaɗa a Gaya, Alhaji Bubayero, shi ya tarbo ta. Da aka zo maganar kai ta gida sai ta kafa sharaɗi. Ba ta faɗa masa ba, don uwa ba ta kallon ɗan fari ta yi masa magana kai tsaye. Bango ta kalla.

"A gaya wa yaron nan, da ƙafata na fita garinmu. Ba za a shigar da ni a kafaɗar maza ba, ni ba gawa ba ce. Jaki kuwa ƙuguna ya ƙi shi. In motarsa ba ta kai ƙofar gida, a bar ni a Gaya in mutu baƙuwa."

Gwadabe ya roƙi aron Landirobar maigidansa, ya aika gida cewa ga su nan tafe.

Da hantsi suka iso gindin tudu. Ga kalangu, ga 'yan mata da sabon lalle, ga Maigari Barau a gaba cikin babbar riga. Gwadabe ya leƙo ta taga, murmushinsa ya daskare. Mutanen gari sun yi wa Hajiya gayya. Sun bi hanyar jakai da fartanya sun nome ta fes, sun tumɓuke sabara da duk ciyawar da ke riƙe da ƙasa, sun kafce ta har ta yi laushi kamar za a shuka gyaɗa, sannan mata suka bi da tsintsiya.

"Ɗana, ka ga aiki?" in ji Maigari. "Ko ƙaya ɗaya ba mu bari ba. Ko Hakimi ba mu yi wa irin wannan ba."

Gwadabe ya san mota ba jaki ba ce. Amma wa zai dubi dattijo da kantar fartanya a hannu ya ce masa ya yi aikin banza? Ya ce, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe," ya sa giya ya bi hanyarsu.

Ba su yi nisa ba tayoyin ɓangaren gangara suka nutse. Mota ta karkata kamar tsohuwar bukka, buta ta gangaro ta bugi ƙafarsa, makaɗi ya saki kalangu. Gwadabe ya ji nauyin uwarsa ya jingino a kafaɗarsa, abin da rabonsa da shi tun yana goye. Bai taka birki da ƙarfi ba, bai ƙara wuta ba. A hankali ya karya sitiyari ya mai da hancin motar wajen gangara, ya bar ta ta sulalo ƙasa da kanta. Da suka tsaya gumi ya jiƙa masa taguwa sharkaf. Hajiya ta gyara mayafi ta ci gaba da jan carbi.

Maigari ya yi wa matasa ido, sai ga su da ƙyauren kara an shimfiɗa masa bargo.

"Hajiya, ɗan nan da can ne kawai."

"Barau, na san ka tun kana yawo ba wando. Ka ajiye ƙyaurenka, ranarsa tana zuwa, amma ba yau ba."

Gwaggo Kulu ta kutso ta leƙa taga. "Ke Hure, kin je Makka kin dawo taurin kan nan bai bi ruwan zamzam ba?"

"Na ɗan'uwanki na gada, Kulu. Ke kuma har yanzu bakin bai tsufa ba."

Suka rungume juna ta taga suna kuka suna dariya. Gwadabe kuwa ya tuɓe takalmi ya kama hawan tudu a ƙasa, a miƙe, ta inda fartanya ba ta taɓa ba. Yana tafe yana danna dunduniya. Nan rairayin ya kwanta, saiwar ciyawa ta riƙe shi. Da ya kai ƙoli ya leƙa baya, sai ga rumbun Maigari tsaye daf da bakin tudu. Mai hawa da mota ba ya ganin abin da ke bayan ƙoli, sama kawai yake gani, ya zo da gudu sai cikin geron mutane. Ya auna wurin da ido, ya sauko.

"Ranka ya daɗe, a miƙe zan hau. Sai dai gindin tudun, inda zan ɗebo gudu, nan ne aikin gayya ya fi kyau." Ya zaɓi kalmar da kyau. "Ya yi laushi da yawa. Da ruwan sama ya taɓa shi, da ya riƙe mota."

"Ruwan sama a bazara?" in ji Maigari.

Gwaggo Kulu ta ɗaure ɗankwali. "Ƙasa ce ba ta da ƙarfi? To mu me muke yi wa tsakar ɗaki? Mata, a fito da madaɓai!"

Duk tulunan da aka cika don baƙi aka sauko da su. Mata suka jera a durƙushe, wasu na yayyafa ruwa, wasu na duka da katakon daɓe, Kulu na ba da waƙa suna amsawa:

"Ƙasa ki kwanta, baƙuwa na tafe,
Ta taka Makka, yau za ta taka ki."

Makaɗi ya tsinci kalangunsa ya bi su. Daɓen titi, wanda ba a taɓa yi ba a ƙasar Ajingi!

Suna yi Gwadabe ya tsuguna da tsinken ashana ya danna bakin taya. Iska ta fara fita, fiii. Maza suka yo kansa.

"Gwadabe ya zautu! Yana kashe motar Alhaji!"

"Ku dubi ƙafar akuya, ku dubi ta raƙumi," ya ce, bai ɗago ba. "Wacce ke nutsewa a rairayi?"

Ya bi tayoyin nan huɗu har kowacce ta yi tumbi ta baje a ƙasa. Ya sa aka sauke akwatuna da buhun dabino, maza suka ɗauka a kai. Ya kori kowa daga bayan mota da gefenta. Sannan ya ja ƙaramar giya mai jan kai, wadda ke sa ƙafa huɗu su ja tare, ya sa lamba biyu, ya ce bismillahi.

Mota ta bi ta kan daɓen mata kamar kwalta, ta kama tudu tana gurnani. Ta wuce rabi. Ƙoli ya matso har yana hango tsinin rumbu, sai gudu ya fara mutuwa. Mutane suka ɗau ihu, "Taka! Taka mata!" Ƙafarsa ma tana son takawa, amma ya san taya in ta juya a wuri ɗaya rami take tona wa kanta, juyawa a tsakiyar tudu kuma kifewa ce. Ya ɗage ƙafa. Ya sa ribas ya biyo sawunsa a miƙe har ƙasa.

Matasan ƙyaure suka dubi Maigari. Gwadabe ya kasa duban uwarsa, ya zuba wa sitiyari ido.

Hajiya ta kalli gilashi ta ce, "Akwai wani tudu a hanyar gabas, sai da muka sauko muka sake hawa, mu da raƙumanmu. Ban ji raƙumin ya ji kunya ba."

Gwadabe ya share fuska. Ya duba tudun, ya ga sawun da ya hau ya sauko a kai ya danne ya zama hanya. Ya ja baya har gindin wata tsamiya don ya ƙara tsawon gudu. A wannan karon bai taɓa giya ba, bai ƙara wuta ba, bai rage ba, ya riƙe totur wuri ɗaya, tayoyi cikin sawunsu. Suka wuce inda suka tsaya ɗazu. Gaban mota ya ɗaga, ƙasa ta ɓace, ba abin da ke cikin gilashi sai sama da shirwa guda. Nan ya saki wuta. Landiroba ta ɗora ƙirji a ƙoli, ta sunkuyar da kai a hankali, ta tsaya hancinta na shinshinar rumbun Maigari.

Guɗar da aka yi ran nan, har mutanen ƙauyen Balan sun ce sun ji. Maigari ya manta da girma ya hau tudu da gudu, riga a hannu, yana cewa, "Hanyarmu ce! Mu muka gyara!" Gwadabe ya lallaɓa motar ta cikin lungu, kaji na tashi, har ƙofar gidan ubansa. Ya goga ta da dakalin zaure yadda Hajiya za ta zamo daga kujera zuwa tabarma ba hannun namiji. Ta zamo. Ta dafa ƙasar ƙofar gida da tafin hannu ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Da mata suka lafa ta sa aka buɗe akwati, ta fito da gwangwanin zamzam. Dattawa suka gyara zama, Maigari ya miƙo hannu. Ita kuwa ta tsiyaya a moɗa ta miƙa wa Kulu, tana kallon bango.

"A fara ba direban nan. Ya iya mota."

Gwadabe ya karɓa da hannu biyu ya juya baya ya sha, don kada a ga idonsa. Kulu ta gani, ta kuma faɗa wa kowa.

Mai da iskar tayoyin kuwa, famfon keke duk na garin aka tattaro, maza suka yi ta karɓa-karɓa har la'asar. Ni na cika ta gaba ta dama ni kaɗai, maganar tana nan a bakin mutane. Wanda ya ce ƙarya nake, tudun bai tashi ba, yana nan bayan Toranke. Ya cika tayarsa tam, ya bi hanyar jakai a kaikaice, ni kuma zan sa a kai ni gindin giginya da tabarmata, in zama farkon wanda zai ga motarsa ta kife, cikinta yana kallon sama.