Kankanar Ermete

Ranar hutun tsakiyar Agusta ce kaɗai kamfanin lantarki ya yarda ya sakar mana wuta gaba ɗaya, don masana'antun Roma duk a rufe suke. Rana na faɗuwa za su karɓe abinsu.

Shekara uku muna gina wani injin bincike mai siffar zobe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayoyin lantarki za su zaga ta dama, akasinsu ta hagu, mu kuma mu sa su yi karo. Masu manyan injina a ƙetare sun ce allura biyu muke son haɗawa baki da baki a cikin guguwa.

Na bar Nives, jaririyata, wurin surukata da alkawarin ba zan daɗe ba. Tun azahar nono ya cika mini riga.

Ƙa'idarmu ita ce duk mai shiga ɗakin zoben ya zare mabuɗi ɗaya daga allon bakin ƙofa. Muddin akwai gurbin da babu mabuɗi, injin ba ya tashi, domin hasken da yake fitarwa ido ba ya ganinsa, amma yana kisa. Ranar ni ke kula da allon. Ga gurbi ɗaya fayau, na Ermete, tsohon da ke kula da famfunan ruwan sanyaya maganaɗisu.

"Ya tafi gida cin taliya da mabuɗin a aljihu," in ji Farfesa Baldassarri, shugabanmu. "Yau ya fara? Fulvio, ɗauko guntuwar waya ka haɗe gurbin."

Na jingina bayana da allon.

"Ornella, 'yata, matsa. Mun leƙa ɗakin, ba kowa."

"Daga bakin ƙofa kuka leƙa, Farfesa."

Fulvio, abokin karatuna tun jami'a, ya kwashe da dariya. "Tunda ta haihu kowa jariri ne a wurinta. Sai kin goya Ermete za mu ga karo?"

"Kai ma da za ka samu mai goyonka da ka yi hankali. Duk cikinku wa ya kai ni son tafiya gida? Dubi rigata."

Ya kawar da kai, kunnuwansa jawur.

"A kashe famfunan in saurara," na ce.

Farfesa ya dafe goshi. In aka kashe su, sai an daɗe kafin ruwan ya koma daidai, ga rana ta karkata. "In muka rasa yau, sai baɗi. Kin sani?"

"Na sani."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga wa Fulvio hannu.

Ƙarar ta mutu. Na sauka matakala ina kiran sunan tsohon. Can daga kwatamin ruwa, bayan maganaɗisu, wata murya ta taso tana zagin tsani da wanda ya ƙera shi.

Ermete na zaune cikin ruwa har ƙugu, ƙafarsa ta gurɗe, ya rungume kankana ƙatuwa kamar ɗan fari. Tun safe ya saka ta a ruwan ta yi sanyi, don hutun Agusta ba ya yiwuwa babu kankana. Garin ɗauko ta tsanin ya zame. Ihu ya yi ta yi har muryarsa ta dushe, famfunansa na kansa suka danne shi.

"Baba Ermete, saki kankanar mu ɗaga ka!"

"Ku fara ɗaga ta. Ni na riga na fashe."

Farfesa da kansa ya shiga ruwan da takalmansa na zuwa coci. Ya karɓi mabuɗin daga wurin Ermete. Ni ya miƙa wa na mayar da shi gurbinsa.

Rana ta kusa taɓa gonakin inabi lokacin da injin ya tashi. Muka yi cirko-cirko gaban na'urar ƙirga karon. Shiru. Fulvio ya murɗa maganaɗisu kaɗan. Sai ƙas. Can kuma ƙas, ƙas, kamar farkon ruwa a kan kwano.

"Sun haɗu!" Fulvio ya kurma ihu, ya sumbaci Farfesa a sanƙo. Ermete na kan kujera, ƙafa a ɗaure da tawul, yana buga teburi yana neman wuƙa.

Yankan farko ni ya ba. "Na uwar ɗakinmu ne. Saura ku bi layi."

A tsaye na sha, ruwan na bin gwiwar hannuna. Na naɗe wa surukata yanki a takarda, na hau kekena na gangara gida da sauran haske.