Wat Ɗari

Tun da ciwo ya kwantar da Malam Inuwa mai ban ruwan fulawa, ƙafafunsa ba su sake yin ɗumi ba. Ana tsakiyar damina, ɗakinsu na bayan gidan ubangidansa Alhaji a Nasarawa yana ta tsatsafo, likita kuma ya hana a kawo garwashi kusa da ƙirjinsa. Wutar gidan an yanke ta tun da Alhaji ya ci zaɓe ya kwashe iyali zuwa Abuja.

Khadijatu ce 'yarsa ta fari, shi ya sa bai taɓa kama sunanta ba. "Ke" yake ce mata, ita ma ba ta zama kusa da shi. Karatun lantarki take yi, mace ɗaya tilo a ajinsu, ba ta kuma sunkuyar wa kowa kai. Abin da suka mallaka na wuta batirin mota ne guda, shi ke kunna rediyon da tsohon yake jin labarai da tafsiri. Tun da aka hana matan gari hawa acaɓa, a ka take ɗaukarsa zuwa unguwar Gama a yi caji, samari na yi mata dariya, ko waiwaye ba ta yi.

Wata safiya maƙwabciyarsu Malama Lai'atu ta shigo rungume da hitar ɗumama ɗaki. Tun bayan rikicin gari take haɗa kayan komawa Zariya, yau motar ta zo.

"Ƙanena ne ya aiko mini daga Amurka," in ji ta. "A sa wa Baba. Baban ne ya shuka mini duk bishiyar da ke gidan can."

Ta fita tana share ido.

Gwaggo, ƙanwar Malam Inuwa, ta shafa hitar ta dubi Khadijatu. "To Injiniya, ga ranarki. Jona ta a batirin nan mu ga amfanin bokon."

Khadijatu ta juya hitar ta karanta bayanta. BTU dubu biyar a awa, irin ma'aunin zafi na can. Ta raba shi da uku da ɗigo huɗu a ranta don ya koma wat, ma'aunin cin wuta na nan, ta sake rabawa ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

"Gwaggo, wannan tana cin wat kusan dubu ɗaya da ɗari biyar. Rediyon Baba miliwat ɗari biyar yake ci, rabin wat ke nan."

"Yi mini Hausa."

"Abin da rediyo zai yi wata biyu yana sha, ita ko rabin awa ba za ta kai ba ta zuƙe shi. In batirin ma bai mutu gaba ɗaya ba."

"Ji ta. An ba ki abu kyauta kina yi masa lissafi. Ubanki na rawar sanyi."

"Ko na yi kuka lissafin ba zai canja ba."

Daga kan katifa tsohon ya ce a hankali, "Ke, bar mini rediyona. Gara in ji mutane."

Gwaggo ta ja tsaki ta fita ɗora tukunya. Khadijatu ta tsaya tana kallon ƙafafun nan da suka yi shekaru suna taka ciyawar wasu, yanzu sun yi fari kamar an shafa musu toka. Sai wata magana ta malaminsu ta faɗo mata: jikin mutum a zaune yana fitar da zafin wat ɗari. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na hitar ba. Amma ba ya buƙatar caji.

Ta zauna a gefen katifar, inda ba ta taɓa zama ba. Ta ɗaga ƙafafunsa ta ɗora a cinyarta, ta rufe su da mayafinta, ta riƙe da hannu biyu. Ya yi yunƙurin janyewa don kunya, ƙarfin bai ishe shi ba.

Haka ta riƙa yi kullum in ta dawo makaranta, har damina ta ja baya. Hitar tana kusurwa, Gwaggo na ɗora mata kwanuka.

Wata Juma'a da hantsi, rediyo na karanto gaishe-gaishe, ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta.

"Khadijatu," ya ce. "Sun yi ɗumi."

A hannunta kuwa sanyi suke ƙarawa. Ba ta gaya masa ba. Ta ƙara matse su a jikinta, ta ce, "Na'am, Baba."