Kofulin Mai Niƙa

"Miƙo shi nan, ki daina juya shi kamar kin tsinci ƙwai," in ji Baba Ƙarfe.

Mai Niƙa ta matso bakin gadon ta ɗora masa abin a tafin hannu. Kofulin injinta ne, guntun bututun ƙarfe mai kauri da ke haɗa sandar moton lantarki da sandar injin niƙa, su juya tare. Tun safe ya tsage gida biyu, injin ya tsaya da hatsin mutane a cikinsa. Nauyinsa ya rinjayi hannun tsohon, sai da ya tallafa da ɗayan. Ya zura babban yatsa ciki yana shafawa, idonsa a lumshe.

"Aikina ne wannan. Mijinki na da rai na sassaƙa shi." Ya yi tari mai tsawo, ya huta. "Sandunan ne suka kauce wa juna, shi kuma ya yi ta haƙuri har ya gaji. Bar shi nan. Gobe in na ji dama zan fita shago in yanka miki wani."

Babban ɗansa na tsaye a bakin ƙofa, ya zuba mata ido.

Shawara kawai ta zo nema, don ta san babu sauran abin da za a yanka ƙarfe da shi a gidan. Shagon tsohon yana jikin gidansa, daura da nata, titi ne kawai tsakani. Da idonta ta ga ranar da aka kawo babbar mota, ƙarti suka ɗaure injin sassaƙar ƙarfen da sarƙa suka ja shi waje, ana ta yi wa juna alama a rage murya kada unguwa ta ji. A lokacin tsohon na asibiti.

A tsakar gida ɗan ya tare ta.

"Iya, don Allah kada ki tayar mana da zance. Likita ya ce a guji ɓata masa rai."

"To ka guje ɗin?"

"Injin da ya fi ni shekaru? Wa zai gaje shi? Ni waya nake sayarwa, Iya, shago nake bukata."

"Ai da ka bari ya rufe ido tukuna."

"Ba zai sake tashi ba," ya ce, yana kallon gefe. "Ke ma kin gani."

Washegari da hantsi tana zaune a ƙofar shagonta, tana ba masu kawo niƙa haƙuri, sai ta hango shi. Ya fito yana bin bango, sanda a hannu ɗaya, tsagaggen kofulin a hammata. Wandon ya yi masa yawa, ya tattare shi da igiya. Ta miƙe da sauri, amma kafin ta tsallaka titi ya riga ya tura ƙofar shagon, wadda masu fentin da ɗan ya ɗauko suka bari a buɗe.

An shafe bangon da farin fenti. An kafa katakan jera kaya. Inda injin ya yi zamansa tun kafin a haifi yaran, babu komai sai guntayen kusoshi a siminti da tabon baƙin mai.

Tsohon bai yi salati ba, bai kira kowa ba. Ya daɗe a tsaye, yana numfashi da baki. Sannan ya juyo, ya same ta a bayansa.

"Maƙwabciya, ke ma kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Jiya da nake ce miki gobe, kin sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"To." Ya zaro kofulin daga hammata ya miƙa mata. "Ki je kasuwa, akwai na kamfani. Ki ce wa mai ɗaurawa ya daidaita sandunan kafin ya ɗaure kusoshi, in ba haka ba sabon ma zai tsage."

Ta karɓa, ta kai hannu za ta tallafe shi, ya janye kafaɗa. Shi kaɗai ya koma ciki, yana bin bangon da ya biyo.

Daga ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. In ɗan ya shigo gaishe shi, sai ya juya fuska bango. Ita ma da ta leƙa da yamma, sannu kawai ya amsa mata, bai ce ta zauna ba. Wannan ya fi komai ci mata rai: a cikin su duka ita ce ba ta taɓa masa ko allura ba, amma ya sa ta a sahun waɗanda suka ɓoye masa gaskiya.

Mako bai cika ba ya rasu, da rana tsaka, injinta na ruri da sabon kofulin. Surukarsa ce ta tsallako ta faɗa mata a kunne. Ta kashe injin.

Wajen gaisuwa ta ji ɗan yana gaya wa mutane, murya a sanyaye: "Babu abin da ba mu yi masa ba. Hankalinsa kwance ya cika." Ana ta ce masa Allah ya saka da alheri, ɗa na gari. Mai Niƙa ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta nemi takalmanta.

Ba a jima ba aka buɗe shagon waya, da fitilu masu launi da ƙofar gilashi. Wata safiya tana share ƙofar shagonta ta ga surukar ta fito da bokiti. Ta tsoma wani shuɗin tsumma a ruwa, ta matse, ta hau goge gilashin. Rigar aikin Baba Ƙarfe ce aka yaga biyu. Aljihun gaban na nan, da maɓallinsa ɗaya, yana kai da komowa a jikin gilashin.