Takardun Baba Taliyani

Hayaƙi ne ya hau da ni saman bene. Na tarar da kakata, Inna Ɗaso, a tsugune gaban murhun gawayi tana cusa takardu cikin wuta da muciya. A gefenta ga akwatin ƙarfen Baba Taliyani a buɗe, saura kaɗan ya zama wayam.

"Inna, me kike yi haka?"

"Abin da bokonki bai koya miki ba," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mutumin nan ba zai kai la'asar ba. In shurɗa, 'yan sandan nan, suka shigo, kada su tarar da ko ƙyallen da zai nuna ya taɓa kwana a gidan nan."

Na fizge abin da ke hannunta. Rabin littafin rubutunsa ne, wuta ta cinye gefe. Fasfo kuwa ya riga ya narke. Can ƙasan murhun na hango kusurwar wata takarda mai kauri da koren hatimi, tana naɗewa. Na san ta. Shaidar musuluntarsa ce, wadda wani masallaci a ƙasarsu ya ba shi.

"Kin ƙona shaidar musuluncinsa, Inna!"

"A'uzu billahi! A takarda musulunci yake? Duk rubutun Nasara ne, ya binti, 'yata, ina zan bambance?"

Ba mugunta ce ta sa ta ba. Haka mutanenmu suke yi a unguwar Mansur ta Makka tun kafin a haife ni. Wanda ya zo Hajji ya maƙale, da fasfonsa yake fara hura wuta, don kada a san inda za a mayar da shi. In ya mutu ba suna, ba takarda, ana duban fuskarsa an san Takari ne irinmu 'yan Afirka, musulmi ɗan musulmi, a yi masa sutura a binne. Dabara ce da ta rufa wa dubban baƙaƙen fata asiri. Sai dai Baba Taliyani Bature ne.

Tullio Marangi iyayensa suka raɗa masa. A Italiya mawaƙi ne, shi yake rubuta waƙarsa, shi yake kaɗa jitarsa, ya yi faifai tara da littattafai uku. Ciwon maƙogwaro ya ɗauke masa muryar waƙa yana da shekara hamsin da takwas, a cikin shirun nan ya musulunta. Ya zo Umra shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya ƙi komawa, ya kama ɗakin ƙasa a gidanmu. Kullum bayan la'asar yakan zauna bakin ƙofa yana rubuta waƙoƙin da ba shi da muryar rera su. Ranar da na nemo sunansa a waya, sai ga saurayi mai gashi har kafaɗa, da sarƙar gicciye a wuya, dubban mutane suna yi masa amshi. Na nuna masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce wancan yaron ya daɗe da mutuwa.

Yanzu wancan yaron kaɗai ya rage a matsayin shaida.

Na sauko ɗakinsa. Fanka tana juyawa, shi yana kwance a rigingine, numfashinsa kamar ana jan buhu a siminti.

"Mujahida," ya ce da Hausarsa mai karkata. "Ina ji ƙamshin takarda."

"Inna ce, Baba. Ta ji tsoro."

"Waƙoƙi?"

"Duka."

Ya lumshe ido. "Ba komai. Rabi ba su da kyau." Sai ya laluɓo gefen hijabina ya riƙe. "Amma kada a sa ni a jirgi. Nan. Kin ji? Nan."

"Na ji, Baba."

Na yi ta maimaita kalmar shahada a kusa da kunnensa, leɓɓansa suna bi. Inna ba ta yi kuskure ba. Bai kai la'asar ba.

Kafin a idar da sallah tsakar gida ta cika da raɗa. Kawu Wada mai tsire, maƙwabcinmu, shi ya kawo shawara, yana goge hannu da gefen riga.

"Mu yi yadda aka saba. Gobe da safe kafin a buɗe shaguna, a sa shi a mota, a ajiye a ƙofar wani masallaci can Rusaifa. Hukuma ta ɗauka ta binne. Halas, shi ke nan."

"Kawu, ka dube shi mana," na ce. "Bature, a Makka, ba takarda. Abin da za su fara tambaya shi ne yadda aka yi wanda ba musulmi ba ya shigo. Ko su kai shi maƙabartar Nasara a Jidda, ko su sa shi a jirgi."

"To ke ce za ki je ki ce musu a gidanku yake? Mutum goma sha huɗu ne a gidan nan, ke kaɗai ce mai iƙama, takardar izinin zama. Duktura, kin san hukuncin wanda ya ɓoye mai wuce wa'adi?"

Duktura suke ce mini in za su yi mini ba'a, don na gama sakandare da sakamakon da ya fi na kowace 'yar ƙasa a ajinmu, ban kuma ɓoye ba. Na san hukuncin. Tarhil, a kore ni zuwa ƙasar iyayena. A Makka aka haife ni, Kano a bakin Inna kawai na san ta.

"Ku kwashe kayanku," na ce. "Na ba ku zuwa magariba, sannan in kira."

Inna ta dafe ƙirji. "'Yar banza mai taurin kai! Ki kashe kanki saboda gawa?"

"Ke kika hura wutar, tsohuwa. Bar ni in kwashe tokar."

Ta zage ni tas, sannan ta rungume ni har na ji ƙasusuwanta. Aka tafi da ita gidan ƙanwarta. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale da ƙullin kaya, gidan da ba ya rabo da kukan yara ya yi tsit. Na zauna a bakin ƙofar Baba riƙe da waya. Sau uku ina danna lambar hukuma ina gogewa. A na huɗu na bari ta shiga. Suka zo suka ɗauki gawar zuwa asibiti.

Washegari aka zaunar da ni a ofis gaban wani jami'i mai furfura a gemu. Ya rubuta sunan Baba a na'urarsa, sannan ya juyo mini da fuskar na'urar. Ga gashin, ga gicciyen, ga taron.

"Wannan ne musulmin naki?"

"Wannan shekara arba'in ke nan," na amsa da Larabcin littafi, wanda na san ya fi nasa tsabta. "Wanda ya mutu jiya, shekara goma sha ɗaya ina jin alwalarsa ta bayan bango."

"Ina takardarsa?"

"Ta ƙone."

"Wa ya ƙona?"

"Wuta."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ban sauke ido ba.

"Ta filin jirgin Jidda ya shigo," na ce. "Duk wanda ya shigo ta nan an ɗauki zanen yatsunsa. Yatsun suna nan a firij ɗin asibiti. Ku ɗauka ku duba. Ba a ba wa wanda ba musulmi ba bizar Umra."

"Kin san in ta fito, za ta kuma nuna ya wuce wa'adi da shekaru? Kuma a gidanku?"

"A ɗakina na ƙasa. Ni na ba shi. Ba wanda ya sani."

Ya tura mini takarda na sa hannu. Ya karɓi iƙamata ya jefa a aljihun tebur.

Kwana tara ina zuwa. Kullum in zauna a kan benci ɗaya daga safe har azahar, a ce mini bukra, gobe. Duk ƙarar takalmi a barandar sai in ɗauka ni aka zo tafiya da ni. A gida ni kaɗai, ko abinci ba na ɗorawa don kada hayaƙi ya jawo ido. Inna takan kira ta yi shiru, in ji numfashinta, ta kashe. A rana ta shida aka ce ofishin jakadancin Italiya ya yi tambaya, akwai wani ɗan ɗan'uwansa da ke son a kawo gawar. Na shiga banɗaki na wanke fuska, na dawo kan bencina.

A rana ta tara jami'in ya kira ni. Ya ajiye wata takarda a gabana, ga hoton Baba da harami a kafaɗa, ranar da ya sauka.

"Ya shigo da bizar Umra," ya ce. "Ɗan'uwan nasa ya haƙura da aka gaya masa wasiyyar da kika faɗa mana. Za a sallace shi yau bayan la'asar." Ya ɗan taɓa aljihun teburin. "Wannan kuma maganarta daban ce. Za a neme ki."

"Ina nan," na ce.

Na shiga Harami da wuri, na sami wuri a sahun mata na gaba. Bayan sallama mai sanarwa ya ce a yi sallah ga mamata. Muka miƙe, kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada. Daga inda nake na hango makara bakwai a jere, duk an lulluɓe su iri ɗaya. Na yi ta dubawa ban gane wacce ce tasa ba. Maza suka sa kafaɗa, suka fita da su da sauri.

Jama'a suka watse. Wani ma'aikaci ya zo da abin gogewa, ya bi farin dutsen da aka jera su a kai, daga wannan gefe zuwa wancan. Na zauna ina kallon danshin har ya bushe.