Iyakar Shara

Tun ranar da Noboru ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa, da jakar ofis a hannunsa, matarsa Fumie ba ta sake yin barci mai daɗi ba. Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce zuciyar mijinta ta gaji, jininsa ya hau fiye da kima, kuma in ya sake irin wannan faɗuwar ba lallai ne ya tashi ba. Ga magani nan an bayar, amma babban maganin shi ne mutumin nan ya koyi yin abu a hankali. Kamfani ya ba shi hutun wata uku.

A hankali! Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mata a gaban likitan. Mutumin da tun aurensu a tsaye yake karya kumallo, yana cusa ƙafa a takalmi da loma a baki, shi za a ce wa a hankali?

Duk da haka ta zauna ta tsara musu safiya. Babu ƙararrawar agogo, sai gari ya waye don kansa. A buɗe tagogi, a ɗora ruwan shayi, a bar shi ya ɗan huce kafin a zuba wa ganyen. A zauna kan tabarma a ci shinkafa da miyar waken suya da gasasshen kifi, a tauna, a haɗiye, sannan a yi magana. Wayarsa kuwa ta kulle ta a durowa. Don kada zaman banza ya haukata shi, ta miƙa masa tsintsiyar gora, ta bar masa sharar ƙofar gida. To, nan fa aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

A lungunsu na birnin Kyoto, inda aka haife ta, kowa ya san ƙa'idar shara. Ka share ƙofarka, ka ɗan shiga ta maƙwabcin dama kamu guda, ta na hagu kamu guda, ka tsaya nan. In ka gaza, a ce ba ka da kara. In ka zarce, ka kira maƙwabcinka ƙazami ke nan. Fumie ba ta taɓa zaton wannan abin faɗa ba ne. Ta manta Noboru ba ɗan Kyoto ba ne, mutumin arewacin ƙasar ne, kuma duk shekarun nan, kafin a fito shara shi ya daɗe da shiga jirgi.

Ranar farko ya dawo jiƙe da gumi, yana haki, bakinsa har kunne.

"Baban Rika, har ina ka je?"

"Lungun kakaf. Leƙa ki gani, ko allura ce ta faɗi sai kin tsince ta."

"Har ƙofar Inna Umeda?"

"Ai tata ce ma ta fi ganye. Tsohuwa ce, na rage mata aiki."

Fumie ta dafe kai. Ta yi masa bayani dalla-dalla, amma ina! Ya ɗaga hannu ya ce, "Ku mutanen Kyoto da fi'ili kuke. A taimaki mutum kuma ya zama zagi? Aikin da aka fara ai gama shi ake yi."

Inna Umeda, maƙwabciyarsu, ta haura tamanin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce a gidanta. Washegari dai, kafin Noboru ya fito, ta riga ta share ƙofarta fes, har ta yayyafa ruwa. Shi kuwa gogan naka, da ya ga wata tsohuwa ta riga shi fita aiki, sai kunya ta kama shi. Ya ɗauko agogo ya tura ƙarƙashin matashi, ya fito kafin ta. Kwana ya zagayo, ita ma ta ƙara sammako. Shi ma ya ƙara.

Ba a daɗe ba sai ga shi ana shara tun duku-duku, cikin sanyin kaka, babu mai yi wa wani magana sai rusunawa. Shayin da aka ce a sha a zaune ya koma shan tsaye, yana ƙona harshe. Kifi ya huce a faranti. Da Fumie ta ɗaura masa na'urar awon jini, sai ta tarar jinin ya koma inda ya fito. Ta naɗe na'urar ta ajiye, ta zauna a bakin murhu. Ta gaji, wallahi ta gaji. Raino ne ya dawo mata sabo, na ƙaton mutum mai furfura wanda ba ya jin bari.

Da hantsi ta sayi alewar wake, ta je ba tsohuwar haƙuri. Inna Umeda ta karɓa da hannu biyu, hannayen duk sun tsattsage don sanyi.

"Haba 'yar nan, wane irin haƙuri? Maigidanki akwai himma." Tari ya sarƙe ta, sai da ta dafa bango. Da ya lafa ta ce, "Tun ina amarya nake share ƙofar nan. In dai ina numfashi, ba za a ce sai wani ya share wa gidan Umeda ƙofa ba."

Washegari da agogon ya kaɗa, Noboru ya zabura ya sauko, ya tarar da matarsa tsaye a zaure, ta riƙe tsintsiyar.

"Ba ni, Maman Rika, za ta riga ni."

"Ta riga ka mana! Gasa ake yi? Tsohuwar nan tari take kamar ƙirjinta zai tsage, kai ka hana ta barci. Jiya na roƙe ta ta kwanta, na yi mata alkawari ba za ka sake taka ƙofarta ba." Ta ƙara damƙe tsintsiyar. "Ni kuma tsoro nake ji. Kullum ka fita sai na kasa kunne, ina jiran in ji faɗuwarka. Ba zan iya komawa asibitin nan ba, Baban Rika. Ba zan iya ba."

Can ya zauna a kan dakalin cire takalma, kafaɗunsa suka zube.

"Ban iya ganin aiki in wuce ba," ya ce a hankali. "Ba wanda ya taɓa koya mini."

"To zauna."

Suka zauna a zauren har rana ta leƙo. Ta dafa shayi, ya sha a zaune, ƙafarsa na karkaɗawa. Sannan suka fita tare. Ya share ƙofarsu, ya shiga ta Inna Umeda kamu guda, Fumie ta kamo hannun rigarsa. Iska ta tara ganye jingim a gaban ƙofar tsohuwar, ƙofar kuma a rufe take.

"Haka za a bar shi?"

"Haka za a bar shi. Nata ne."

Ya tsaya yana kallon ganyen, da tsintsiyar a hannunsa. Fumie ta zame hannunta zuwa wuyan hannunsa, ta danna yatsu biyu. Jijiyar na gudu kamar mai son tarar da jirgi, ko kusa ba ta lafa ba. Amma tana bugawa. Fumie ba ta saki ba.