Mai Hoto Ta Hau Rufi

A matakala ta goma sha ɗaya Mai Hoto ta zauna, ta ce ba gajiya ta yi ba, igiyar takalminta ce ta kwance. Tela, maƙwabciyarta mai ɗinki, ta dubi ƙafarta, ta ga silifas ne. Ta ajiye ƙaramar tukunyar iskar numfashin da take ɗauke da ita, ta gyara robar da ke hancin tsohuwar, ta tsaya tana jin yadda numfashinta ke fita kamar ana yaga sabon yadi.

"Yaya, mu koma ƙasa."

"Ke ki koma. Bar mini tukunyar, zan ja abata."

Shekara goma sha tara ke nan ƙofofinsu na kallon juna a hawa na uku, kuma rabin shekarun nan ba sa ga maciji. Igiyar shanya ce ta haɗa su tun farko, daga baya kowacce ta manta asalin faɗan, ta riƙe fushin. Mai Hoto ta yi shekara talatin da biyu a asibiti, a ɗakin da ake ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, daga nan sunan ya bi ta. Da ta ajiye aiki sai ta sayi kyamara da ƙarfenta mai ƙafa uku, ta riƙa hawa rufin ginin tana ɗaukar wata da taurari. Matan gidan suka ce ta fara taɓuwa. Tela na cikin waɗanda suka faɗa, da ƙarfi ma.

Sai ciwo ya kama Mai Hoto. Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinta a gaban fitila yana neman kalmar da zai fara da ita, sai ta miƙa hannu ta karɓe. Ta duba, ta ce masa ya huta, ta ga irin wannan inuwar a ƙirjin mutum ɗari, ta san iyakar inda take kai mutum. Maganin tari kawai ta nema.

A wannan watan ne rediyo ya fara maganar tauraruwa mai wutsiya. Aka ce za a gan ta a yamma bayan faɗuwar rana, kwana goma ko ƙasa da haka, kafin hasken wata ya danne ta, kuma ba mai rai a yau da zai sake ganinta. Mai Hoto ta ce sai ta hau rufi ta ɗauki hotonta. 'Yarta, wadda kowa ke kira Auta, ta baro aikinta da mijinta a wani gari ta zo jinya, ita ce ta ce a'a. Likita ya ce gado, to gado. Ta ɗora kyamarar a saman kabad, ta cire makullin rufi daga cikin makullan uwar ta jefa a jakarta. Kwana shida suna wannan rigima, Tela tana jiyo su ta bango. Uwar ta ƙi cin abinci, 'yar ta ƙi sauka daga kan bakanta.

A rana ta bakwai, da Auta ta tafi can ƙarshen gari neman wani magani, aka buga ƙofar Tela. Ta buɗe ta ga Mai Hoto dafe da bango, tana jan tukunyarta, kyamara rataye a wuya. Da sandar goge-goge ta zaƙulo ta daga saman kabad.

"Ba roƙo na zo yi ba," in ji ta. "Na san kina da makullin sama. Ko ki ba ni, ko ki ce ba za ki bayar ba, in san inda na tsaya."

Tela ta yi niyyar cewa a'a. Abin da ya riƙe bakinta shi ne mijinta, wanda ya yi kwana tara a gadon asibiti yana roƙonta ta kai shi gida ya kwanta a ɗakinsa. Ta bi maganar likitoci, ya cika a can yana kallon silin. Shekara shida ba ta gaya wa kowa yadda abin ke cin ta ba. Ta ɗauko makullin, ta ɗauko kujerar roba, ta saɓa ƙarfen kyamarar a kafaɗa.

Matakala ashirin da biyu ne zuwa rufin, sai da suka ci kusan rabin awa. Da suka fita, rana ta riga ta faɗi, sauran ja a gindin sama. Mai Hoto ta zauna kusa da tankin ruwa tana ba da umarni kamar tana bakin aikinta: a buɗe ƙafafun ƙarfen, a ɗaure nan, a'a ba haka ba, wai ke da hannun hagu aka haife ki? Tela ta haɗiye, ta yi yadda aka ce.

Duhu ya fara shiga, taurari suka fito ɗaya-ɗaya. Daidai lokacin ne wurin sayar da motocin da ke tsallaken titi ya kunna manyan fitilunsa guda biyu, farare fat, suna haske har cikin ido, kuma a daidai yamma. Mai Hoto ta danna kyamara, ta duba ɗan gilashin bayanta. Ba komai sai fari kamar an zubar da madara. Ta sake, haka. Ta janye hannunta daga kyamarar, ta ɗora a kan cinyarta. Tela ba ta taɓa ganin matar nan ta rasa abin faɗi ba, kuma abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

"Minti nawa na duhu kike so?" in ji Tela.

"Goma."

Tela ta sauka da gudu irin na mai shekara hamsin da biyar, ta tsallaka titi ba ta ko duba mota ba. Mai gadin wurin, wani dogon mutum mai tocila, ya saurare ta har ta gama, ya ce ya tausaya, amma mai wurin ya ce kada fitila ta mutu ko na ƙiftawar ido, shi kuma yana da iyali. Ta ce ya kira mai wurin. Ya ce ba a kiransa a kan maganar taurari. Tela ta hango akwatin wutar a jikin bangon ɗakin gadin, murfinsa a buɗe. Ta wuce shi, ta ja makunnin ƙasa, wurin ya yi duhu ɗif.

"Baiwar Allah, kin san abin da kika yi?"

"Na sani. Hawa na uku nake, ƙofa ta dama, keken ɗinki ne a bakin ƙofar. In mai gidanka na neman wanda zai kama, ka turo shi. Mace ce ke mutuwa a saman can, minti goma ta nema."

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya dubi agogonsa. Ya ce goma fa, ba sha ɗaya ba, shi kuma bai ga komai ba, bayan gida ya zaga.

Da ta komo sama tana haki, sai ta tarar da Auta. Ta dawo ta iske gado ba kowa, ta biyo ƙofar da ke buɗe. Ledar magani na hannunta, tana tambayar uwar ko so take ta mutu a kan siminti kamar marar gata, ko ita da ta bar komai ta zo ba ta isa a ji maganarta ba. Mai Hoto ta bari sai da ta kai aya.

"Kin isa. Faɗan ki ajiye shi, za mu yi a ƙasa. Yanzu hannuna ya ƙi tsayawa, in na taɓa sai ta girgiza. Zo ki danna mini."

Auta ta tsaya kamar ba za ta motsa ba. Sai ta juya ta kalli inda uwar ke nunawa. Tela ma ta kalla. Tauraruwar tana can sama da sandar wayar lantarki, ɗan dunƙulen haske, da wutsiya doguwa a miƙe sama, mara kauri kamar hayaƙin fitilar da aka hure. Ba ta kai yadda rediyo ya zuzuta ba. Amma da ido ya saba da duhun, sai wutsiyar ta riƙa ƙara tsawo.

Auta ta ajiye ledar, ta durƙusa a gaban kyamarar. Uwar ta ce daƙiƙa takwas idon kyamarar yake yi a buɗe, kada kowa ya taka ƙasa da ƙarfi. Sannan ta faɗi abin da ta shekara talatin da biyu tana faɗa wa marasa lafiya: "Ja numfashi. Riƙe." Su biyun suka riƙe ba tare da sun yi shawara ba. Ita da ba ta da numfashin riƙewa ta cusa bakin zanenta a baki ta danne tarin, idanunta na zubar da ruwa, har kyamarar ta yi ƙas.

Ta duba ta ce hoton ya ɗan gauraye, a sake. Na biyu jirgin sama ya ja layi a tsakiya. Na huɗu ta daɗe tana kallo, ta matso da shi kusa da ido, ta ce, "Wannan ya yi." Ba a jima ba fitilun tsallake suka dawo.

A kan kujerar suka sauko da ita, Auta ta kama gaba, Tela ta kama baya, tsohuwar rungume da tukunyarta tana yi musu gyaran yadda ake ɗaukar marar lafiya. Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Likita ya zo ya fara faɗa, ta sa aka miƙa masa kyamarar, ta ce ya gama kallo tukuna. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya gani, har matan da suka ce ta taɓu. Mai wurin motoci bai turo kowa ba. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Tela na yanka wani yadi ta ji kukan Auta ta bango. Ta ajiye almakashi.

Da masu zaman makoki suka watse, Tela da Auta suka haɗu a tsakanin ƙofofin biyu. Auta ba ta yi mata magana ba tun ranar rufin. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, da an bar uwarta a gado da ƙila ta ƙara sati biyu, ko wata.

"Ƙila," in ji Tela. "Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Ko yau ta sake buga mini ƙofa, zan ɗauko makullin."

Auta ta shige ta rufe ƙofa. Tela ta ɗauka shi ke nan, an buɗe wata gabar ta shekara goma, ta kuma shirya ɗaukarta.

Ana saura kwana ɗaya Auta ta koma garin mijinta, da rana tsaka, sai ga ta da siket biyu a hannu. Ta ce duk sun yi mata yawa, jinya ta cinye ta, ko za a rage mata ƙugun. Tela ta auna ta, ta ce ta zauna, ba zai ɗauki lokaci ba. Ta hau keke ta gama na farko. Da ta juyo za ta ce a gwada, sai ta ga Auta ta jingina kai da tarin yadudduka, barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe, takalmi ɗaya ya zame daga ƙafarta. Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keken. Ta zare allura daga jikin rigarta, ta matsa kusa da taga, ta ci gaba da na biyun da hannu.