Kwalin Hotunan da Suka Lalace

Shekara talatin Mai Hoto ya yi yana bin hanyoyi da tsohuwar motarsa, yana ɗaukar hoton abubuwan tarihi: rusasshiyar ganuwa, gadar da aka daina hawa, dutsen da matafiya ke tsayawa kallo. Matarsa ce abokiyar tafiyarsa. Ita ke riƙe jakar kyamara, ita ke tare masa rana da lema.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: mutum ba ya shiga hotonsa. "Matsa kaɗan," haka yake ce mata, ita kuma sai ta matsa.

Wata biyu da rasuwarta, autarsu ta zo gida.

"Baba, hoton Mama nake so in rataya a falona. Ko guda ɗaya ne."

Suka zauna a ƙasa, suka baje albam-albam. Tun hantsi suke buɗawa har rana ta take. Gini, dutse, gini.

"Wannan gadar ta fi mu gata, Baba," in ji Auta. "Hotonta goma sha ɗaya na ƙirga."

Bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a gefen wani hoto, inda inuwar lema ta faɗo a ƙasa.

"Nan take tsaye. Da bakina na fitar da ita, Auta."

Auta ta kau da kai don kada ya ga idonta. Nan ta hango wani kwali a saman durowa, an rubuta a jikinsa: Waɗanda suka lalace.

"Bar shi, babu na kirki a ciki. Mamarki ce ta hana ni zubarwa."

Ta dai sauko da shi. Hoton farko, Mama ce ta gitta da jaka a kafaɗa. Na biyu, rabin fuskarta, tana dariya. A wani kuwa ga ta a tsakiyar gadar nan, ta riƙe ƙugu.

"Da gangan ta yi wannan," in ji Baba. "Na ce ta matsa, ta ce gadar ba ta taɓa dafa min abinci ba. Har gida ina mitar ta ɓata min fim."

"To shi zan ɗauka."

Ya karɓe shi a hankali, ya goge ƙurar da bakin rigarsa.

"Zan sa a wanko miki wani. Wannan a bar min."